Kwana Ɗari Biyu da Arba'in Ba Nama

Ku 'yan matan da kuke zuwa gidana koyon girki, kowace da waya a hannu tana nuna mini wata mata da ta gama tuwo da miya cikin minti uku, ku ajiye wayar ku saurara. Jiya ɗaya daga cikinku ta ce girkin da babu nama ai shi ne mai sauƙi, tunda ba a jiran komai ya yi laushi. Na yi dariya har sai da na nemi kujera, domin ni ma na taɓa faɗin haka da bakina, kuma da ƙarfi na faɗa. Na fi shekara talatin ina dafa wa mutanen Funtua abincin dare. Abin da aka fi yabona a kai yanzu shi ne miyar da babu nama, amma kada ku ɗauka basira ce ta kai ni can. Hukunci aka yanke mini.

Tuwon mutum talatin shi ne aikin farko da aka ɗora mini, ina 'yar shekara goma sha uku a gidan Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye bayan Bakori. Mijinta babban manomi ne, daga noman farko har karyar masara ba a rasa 'yan ƙwadago a gonarsa, ita kuma ke ciyar da su. A surfa masara da sassafe, a wanke, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe da rariya, tsakin a ware shi don fate. Tukunyar sai mutum biyu ke ɗora ta a murhu. A yi ruɗe, a bar shi ya dahu har ya fara tsalle yana ƙona hannu, sannan a riƙa zuba gari ana tuƙawa da muciyar da ta kusa kai ni tsawo. Ranar farko na tuƙa tuwo mai gudaji kamar an watsa tsakuwa. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta sa mara ta kwaso malmala ɗaya ta ajiye a gabana, ta ce in tsince gudajin in ƙirga mata. Da na wuce arba'in ta ce ya isa haka, gobe ma ni zan tuƙa.

Nama a gidan nan sai ranar kasuwa. Sauran kwanakin kuka ce, ko busasshiyar kuɓewa, ko miyar wake, kuma kullum akushi a suɗe yake dawowa daga gona. Ni a wautata na ɗauka yunwa ce ke sa su suɗewa. Tuwo na koya sosai, don shi ne ke da bulala a bayansa, amma duk lokacin da Gwaggo ta tsuguna gaban tukunyar miya sai in sami abin yi a wani wuri. Na riga na yanke a raina cewa wannan girkin talauci ne, ni kuwa birni zan yi aure.

Birnin kuwa na yi. Malam Sule, maigidana, yana aikin awo a gidan gurzar auduga, kuma daga kularsa sana'ata ta fito. Abokan aikinsa marasa iyali suka riƙa sa masa hannu a abinci har ya fara dawowa gida da yunwa, ya ce gara su kawo nasu kuloli a zuba musu. Daga mutum uku aka koma goma, daga goma na daina sanin iyaka: direbobi, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwar kudu da suka baro iyalansu a gida. Ban taɓa buɗe shago ba. A tsakar gidana nake girki, kowa da kularsa da sunansa da fenti, kafin magariba an kai wa kowa tasa. Wannan ba abincin tasha ba ne da za ki tuƙa ɗaya ki ce wanda ya ga dama ya ci. Mutum ya wuni a rana, abin da yake so shi ne ya buɗe kula ya ji kamar a gidansu yake. Wani ba ya son yaji, wani tuwonsa sai da laushi saboda haƙora sun tafi, wani kuma in bai ga ƙanzo a gefe ba sai ya aiko a tambaya ko lafiya.

Tukunyar romo ita ce uwar sana'ar a lokacin. Kullum da safe mahaucina yana ajiye mini ƙashin ƙafa mai ɓargo da ƙashin baya da ɗan tantaƙwashi. In wanke, in ɗora a murhun baya da albasa da citta da masoro da kimba, wuta ƙasa-ƙasa, tun hantsi har la'asar, ina kwashe kumfa. Duk miyar da zan yi, taushe ce ko kuka ko kuɓewa ko ta gyaɗa, sai na ba ta ludayi uku daga wannan tukunya. Ko dafa-duka ba na dafawa da ruwan randa. Farfesun kan rago da na kayan ciki kuwa, na Juma'a, har daga Malumfashi an taɓa aiko mota ɗaukarsa. Mutane suna cewa hannun Asabe yana da albarka, ni kuma ina amsawa ina sunkuyar da kai kamar mai kunya. Gaskiyar magana ita ce romon nan ko a ruwan wanke-wanke aka zuba shi sai an nemi ƙari. Rabin albarkar hannuna a rumfar mahauta take kwana.

A cikin masu kula akwai Oga Emeka, mai sayar da kayan gyaran injin niƙa da na ban-ruwa a bakin kasuwa. Tun yana saurayi ya zo Funtua, Hausa a bakinsa har da ta tsokana. Matarsa tana can garinsu tana jinyar mahaifiyarsa, shi ya sa yake cin tuwona. Wata rana da yamma ya zo da kansa ya yi sallama a zaure.

“Hajiya, daga gobe har kwana arba'in, ba nama,” ya ce. “Ba kifi, ba kaza, ba duk abin da ke da jini. Azuminmu ya zo. Wasu ranar Juma'a kawai suke bari, amma ni alkawari na yi wa Allah, tun ranar da ɗana na fari ya tashi daga ciwon da muka fid da rai. Za ki iya?”

“Haba Oga, wannan ai shi ne mai sauƙi,” na ce masa.

Ranar farko, Allah ya sani, da gaskiya na fara. Na tafasa ruwa, na jefa daddawa da gishiri da barkono, na kaɗa kuka da maburgi, na ɗanɗana. Kamar an jiƙa ganye a ruwan randa. Na ƙara ɗunkule, ta koma ruwan randa mai gishiri. Na tsaya da ludayi a hannu ina tunanin wannan abin ne zai fita daga gidana da sunana a kai, ga kuma tukunyar romo a bayana tana ta ƙamshi. Nan take na zama malamar kaina, na ba kaina fatawa: mutumin nan nama ya ce, romo kuwa ruwa ne. Na tace shi da rariya, na sake tacewa da farin ƙyalle, na kwashe kitsen sama, na zuba, na rufe da ɗan manja. Washegari kula ta dawo kamar an wanke.

Shekara shida ina haka. Daga baya ma lalaci ya kama ni, na daina wahalar tacewa. Tukunya ɗaya nake yi wa kowa, in na zo kan kularsa in tsame naman in duba da kyau kada ɓallin ƙashi ya bi. Shi kuwa bawan Allah sai yabo. A tsakiyar kasuwa yake faɗa wa mutane cewa in ana neman mai amana a garin nan a je wurin Hajiya Asabe, matar da take yi masa miya daban saboda addininsa, ita da ba addininta ba. In maganar ta dawo kunnena nakan ji wani abu ya ɗan soke ni, sai in ce ai ban sa masa nama ba, in ci gaba da tuƙi.

A shekara ta bakwai mahaifiyarsa ta rasu, matarsa ta dawo Funtua, ya daina karɓar kula. Maman Obi ake kiranta, haifaffiyar Zariya ce, in tana magana a bayan labule ba za ki ce ba Bazazzagiya ba ce. Azuminsu ya yi kamar mako biyu sai ga ta a gidana da doya uku da galan na manja.

“Hajiya, ki rufa mini asiri,” ta ce. “Tunda azumin nan ya kama, duk miyar da na yi sai mutumin nan ya ce ba ta kama ƙafar ta Hajiya ba. Na gaji. Ki zo gidana ki koya mini, in huta da gori.”

Na ce bayana na ciwo. Ta dawo, na ce akwai suna a dangi. Karo na uku ba ta tambaye ni ba, mai Keke ta turo ƙofar gida. To me kuke zaton babbar mai girkin Funtua ta yi? Gorar ruwa na samu ta roba, na cika ta da romo mai ɗumi, na ƙulle a leda, na soke a ƙugu na saki hijabi a kai. Dabarata ita ce in jira ta juya baya in tuttula. Ko kaɗan ban yi tunanin abin da za ta yi ba in ta zo gwada miyar ita kaɗai washegari. Wanda ya saba da ƙarya ba ya hango gobe, ta yau yake tattali.

Da muka shiga madafarta a Sabon Gari, ga tukwane a jere, amma ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ta taka kujera ta sauko da wata daga saman kanta, naɗe a cikin zane, da ludayinta da faranti biyu a ciki.

“Wannan ta maƙwabta ce,” ta ce. “Uwata ta koya mini tun a Zariya. Abin da addininku ya hana bai taɓa shiga cikinta ba, ko cokalinmu ba ya taɓa ta. In Musulmi zai ci a gidana da ita nake dafawa. Ba na so ki ɗanɗana miya zuciyarki na ɗar-ɗar.”

Na ce, don dai in ce wani abu, “Ai da kin wanke taku ma ta isa.”

Ta dube ni tana dariya. “Wankewa? Ke Hajiya, in na ce miki na dafa da shi amma na tsame, za ki ci?”

Gorar nan da ke ƙuguna, da ɗumi kawai take da shi, sai na ji kamar garwashi na soke. Muka yanka albasa, muka daka daddawa, ina ta ba da umarni da muryar gwanaye alhali ban san inda na dosa ba. Can ta fita amsa sallamar wata, ta bar ni ni kaɗai da tukunya a buɗe. Hannuna ya shiga ƙarƙashin hijabi, har na kwance bakin ledar. Na dubi tukunyar da matar nan ta ɗauko daga Zariya ta kai garinsu ta dawo da ita Funtua, tana tsare ta saboda mutane irina. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na mayar da ƙullin.

Miya ta fito yadda kuke zato. Gab da magariba Oga Emeka ya rufe shago ya dawo, ya gaishe ni da murna, ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya. Ya tauna a hankali.

“Wa ya yi wannan?”

“Hajiya ce da hannunta,” in ji matarsa.

“A'a. Na san hannun Hajiya shekara shida.”

Na zaro gorar na ajiye a kan tebur. Ta huce, kitse ya taru fari a wuyanta, ba ta buƙatar bayani. Na ce, “Oga, ga hannun Hajiya nan. Romon ƙashin sa ne.”

Ya dubi gorar. “Tun yaushe?”

“Tun ranar farko.”

Bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya wanke hannunsa ya shige ɗaki. Maman Obi ta raka ni bakin titi, ta tsayar mini da Keke.

Da na faɗa wa Malam, ya ajiye kofin da ke hannunsa ya ce, “Asabe, da mutumin nan ne ya yi miki haka a azuminki, da yanzu garin nan ya yi mana kaɗan.” Ban yi musu ba. Ku gane, sana'ar kula ba ta da jari sai yarda. Mutum yana cin abin da bai ga dahuwarsa ba. In labari ya zaga kasuwa cewa Asabe tana zuba abin da aka hana ta, mai hawan jinin da ya ce a rage masa gishiri ma sai ya janye kularsa. Na yi makonni ina jiran ranar da kuloli za su daina zuwa. Kowa ya yi sallama sai gabana ya faɗi. Ba wanda ya ji komai, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Bayan bikinsu na ƙarshen azumi, sai ga shi a zaure da tsohuwar kularsa a hannu. Ya ce a kira Malam ya zama shaida.

“Na je wurin Fada, limamin cocinmu,” ya ce. “Ya ce ba ni da laifi tunda ban sani ba. Na ji, na gode masa. Amma ba da Fada na yi alkawari ba. Arba'in sau shida, kwana ɗari biyu da arba'in ke nan. Zan rama su a jere. Ke kika ciyar da ni, ke za ki dafa. Matata ta ce ba za ta sha wahalar da ba ita ta jawo ba.”

Kafin in buɗe baki Malam ya ce, “Ta amince.”

Sabuwar tukunya na fara saya, da sabon ludayi da maburgi, na ɗaura musu jan zare a hannu, na yi musu murhu a can gefen rijiya. Ko ɗunkulen da aka zana kaza a takardarsa ban yarda ya kusanci wurin ba. Kular ma ni da kaina nake kai masa shago, don kada a ce ta bi ta hannun wani. Sai dai hukuncin ya faɗo a mugunyar shekara, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir a fadamu, har ana jera guda huɗu a faranti kamar ƙwai. Ga bazara, babu ɗanyen ganye ko na magani. Ba nama, ba romo, ba tumatir, sai ni da ruwan randa muna kallon juna. Ranar farko da na miƙa masa, ya buɗe, ya sa cokali har ƙasa, ya juya, ya ɗago ya duba, ya sake juyawa, sannan ya ci. Da can da hannu yake kai wa miyata hari tun kafin ya zauna. Na ji zafin wannan juyin har cikin raina, amma wa zan kai wa ƙara?

Mako biyu kula tana dawowa da rabi. Mutumin ya fara ramewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ga in ban yi da gaske ba zan haɗa wa kaina laifi biyu, na karya masa alkawari sannan na kashe shi da yunwa. Na yi sammako na hau motar Bakori.

Gwaggo Hanne ta tsufa, idonta ya kusa tafiya, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na zayyana mata komai. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

“Yo ashe ruwan ƙashi kika tafi birni koyo,” ta ce. “Shekara biyar kina gidan nan, idonki na bisa hanyar mota. To mi kike so in yi maki yanzu?”

“Ki koya mini miya, Gwaggo.”

“Da jikoki? Allah ya kyauta. Hura wuta.”

Albasa ta fara sa ni soyawa, kuma a kanta muka ɓata safiya guda. Ni na saba in jefa ta a mai ta yi ƙara in bi ta da ruwa. Gwaggo ta ce a yanka da yawa, a rage wuta, a yi ta juyawa har ta saki jiki ta yi ja ta fara zaƙi. Ba ta gani, da hanci da kunne take koyarwa. Ina daga murhu za ta ce, “Ba ta yi ba,” ko kuma, “Kin ƙona, zubar.” Daddawa kuwa ashe ba a jefa ta kamar ana korar kaza. A daka ta da albasa da barkono da citta har ta zama ɗaya, a sa ta tun farko, ta dahu har warin ya mutu ƙamshin ya taso. Sannan ta nuna mini abin da na tsallake ina yarinya: a surfa wake tafi ɗaya a cire bawon, a dafa shi a ruwan miya har ya narke ba a ganinsa. Shi ke ba miya jiki, shi ke sa mai noma ya ji ya ci wani abu. Ruwan da aka dafa wake ba a zubarwa. Gyaɗa ɗanya daban take da soyayya, kowace da miyarta. In babu tumatir, kabewa ta ba da launi, yakuwa ko tsamiya ta ba da tsami, kauɗar tumatir kuma a jiƙa ta a wanke ƙasar kafin a niƙa. Ganye a ƙarshe ake sa shi, kuma ba a rufe tukunya. Man shanu a soya shi da albasa a zuba bayan an sauke.

“Nama rufin asirin raggon mai girki ne,” ta ce mini ranar ƙarshe. “In babu shi, kowa zai ga abin da kika iya. Ke kau an gani.”

Kwana goma sha biyu ina sammakon Bakori ina dawowa kafin azahar in ɗora tukwanen sauran mutane. Ranar da na kai masa miyar wake da busasshiyar yakuwa a kan tuwon dawa, ya juya cokalinsa yadda ya saba, ya ci, ya ci, ya karkata kular ya kwashe na ƙasa. Bai yabe ni ba. Ya ce dai, “Gobe a ƙara tuwo.” Na fito daga shagon nan ina murmushi ni kaɗai kamar amarya, mata da jikoki.

Damina ta sauka ta taimake ni. Na yi masa kwaɗon rama da ƙuli, miyar zogale da gyaɗa, lalo, dambun tsaki da zogale da soyayyar albasa, faten tsaki da yakuwa ranar da aka wuni ana ruwa. Da kaka ta yi, ga sabuwar kabewa, ga sabon wake, ga gurjiya. Na yi taushe babu ko ƙashi, na yi ɗanwake da mai da yaji, na yi faten wake da alayyahu mai kauri wanda cokali ke tsayawa a ciki. Ba kullum nake dacewa ba. Na taɓa gwada miyar gurjiya da karkashi a haɗe, abin da ko Gwaggo ba ta taɓa ji ba, ya dawo mini da ita ya ce alkawarinsa bai haɗa da wannan ba. Babbar Sallah ta faɗo a tsakiya. Duk shekara cinya nake aika masa ta layya, a shekarar nan ina tsaye cikin hayaƙin suya, unguwa duk ƙamshin nama, ni kuma ina gefen rijiya ina surfa wa mutum ɗaya wake. Malam ya wuce da tsire a hannu ya ce Allah ya ba da lada.

Abin da ban zata ba shi ne sauran masu kula. Wani direba ya ga abin da Oga ke ci a shago ya sa hannu, washegari ya aiko a yi masa irinsa. Malamin asibiti ya fara turo mini waɗanda aka hana jan nama. Tukunya mai jan zare ta yi kaɗan na sayi babba. Shi ya sa har yau murhuna biyu ne, kuma shi ya sa kuke jin ina daka muku tsawa in ɗayarku ta ɗauki ludayin can ta nufi tukunyar nan. Ba tsufa ba ne ke damuna, ko da yake shi ma yana nan.

Kwanakin suka cika saura makonni kaɗan Kirsimeti. Na sa aka yanka zakara, na yi masa farfesu da duk abin da na sani, na kai gidansa. Ya ci, matarsa ta ci, ya ce, “Hajiya, na yafe miki tun ranar da kika ajiye gorar nan a tebur. Da kin tuttula ta, da har yau ban sani ba.” Na yarda da shi, don mutum ne da ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Bai kuma taɓa ba kowa labarin ba. Ni ce yau nake tona kaina.

Yanzu ya tsufa, ya bar wa yaransa shago ya koma garinsu, sai ya zo duba su. Zuwansa na bana ya faɗo cikin azuminsu, ya aiko a ce Hajiya ta tuna da shi. Na yi masa miyar wake da yakuwa da hannuna, ban bar ko ɗayarku ta taɓa ba, na kai masa shagon. Muka gaisa, ya tambayi Malam, na tambayi Maman Obi. Yana ba ni labarin ciwon gwiwarsa ya buɗe kular, ya sa cokali har ƙasa, ya juya, ya ɗago ya duba. Idonsa ma ba a kan miyar yake ba sosai, hannun ne ke aikinsa.

“Babu komai a ƙasa, Oga,” na ce.

“Na sani, Hajiya,” ya ce. “Wa zai sani in ba ni ba?”

Ya ci gaba da maganar gwiwa, ya sake juya cokalin sau ɗaya, sannan ya fara ci.